Taurin Idon Ilu Mai Walda

Har gobe ban manta da ranar da Ilu mai walda ya yi wasan tauri da idonsa ba. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina foman na sashen gyaran injuna a wata masaƙa da ke Bompai. Foman shi ne mai raba aiki, kuma shi ake fara kira ofis idan wani ya tafka shirme.

Abin ya samo asali ne daga Sista Hajara, nas ɗin asibitin kamfani. Ta tara mu ta ce yadda ƙarfe yake tsatsa a hankali, haka ƙwayoyin cikin ido suke lalacewa saboda haske da hayaƙi da tsufa. Ta ce zogale da alayyahu da karas suna da sinadarin da ke rage wannan tsatsar. Magana ce mai kyau, sai dai ta faɗa kunnen Ilu, mutumin Gumel, jikan 'yan tauri. A wurinsa duk abin da aka ci don kariya, to irin maganin ƙarfe ne: ka ci, ka dafu, sai a gwada a bainar jama'a.

Ilu ya duƙufa. Da safe kwaɗon zogale, da rana kwaɗon zogale, aljihu cike da karas sai ka ce mai kiwon zomo. Dama can ya tsani gilashin walda, yana kiransa kayan matsorata.

Wata Laraba bayan azahar na dawo daga sito, na tarar ma'aikata sun yi da'ira ana ta tafi. Ga Ilu a tsakiya yana liƙe wani bututu, ido buɗe tar, gilashin kuwa yana rataye a ƙusa.

Na ce, "Ilu, kanka ɗaya kuwa?"

Ya ce, "Malam Sabo, ai na dafu. Ku tambayi Sista."

Na kashe injin, na watsa 'yan kallo da faɗa. Shi kuwa har da ɗaga hannu yana amsa kirari.

Washegari da safe sai ga shi an jawo shi a hannu, idanu jajawur a kumbure, hawaye har gemu, yana cewa an zuba masa yashi. Dokar kamfani a fili take: wanda ya cire kayan kariya da gangan, kora ce. Ga shi da iyali a Hotoro, kuma ban san ko idon zai dawo ba.

Sista ta wanke idon, ta ɗiga magani, ta naɗe da bandeji. Ta ce, "Malam Ilu, ganye daga ciki yake aikinsa, a hankali. Yaushe na ce muku garkuwa ne?"

Ya ce, "Sista, ni dai na san akwai wanda ya karya min maganin."

Injiniya, wato shugaban sashe, ya kira ni, ya ce a shirya sallamar Ilu. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka kore shi, cewa za a yi sa'a ce bai yi ba, gobe wani ya ƙara barkono ya gwada nasa. Ka bar musu shi su riƙa gani."

Sai ya ce a ajiye shi a kujera a ƙofar sashe har ya warke. Haka Ilu ya zauna da bandeji, waɗanda suka tafa masa jiya suna wucewa suna cewa, "Sannu, Sarkin Tauri!" Allah ya taimaka, idon ya washe.

Abin da na koya shi ne, ɗan aikin ƙarfe zai cinye buhun ganye kafin ya yarda a ce ya ji tsoro. In za ku faɗa masa amfanin abu, ku haɗa da abin da ba ya yi.

Ilu bai bar zogale ba har ya yi ritaya. Sai dai ko kwaɗon zai ci, gilashin yana goshinsa.