Takardar gonar Tirwun da na kai Kano

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da abokin sana'ata, wani Kirista mutumin Bogoro da muka shekara bakwai muna walda a rumfa ɗaya. Kano muka nufa, wurin wakilin wani kamfanin gine-gine na ƙasar Larabawa da ya ce zai ɗauke mu aiki. A wasiƙarsu ta farko sun rubuta cewa su za su biya kuɗin biza. Da suka karɓi fasfo ɗinmu sai magana ta juya, wai kowa ya kawo rabi. Abin da za mu je mu warware ke nan.

Bari in faɗi laifina tun yanzu, kada ku karanta kuna tausaya mini. A jakata akwai takardar gonarmu ta Tirwun, gadon mahaifinmu da ba a raba ba, ni da 'yan'uwana mata uku. A akwatin Yaya, babbarmu, take zama, a gidanmu na Ƙofar Wambai a Bauchi. Ranar da ta tafi wani suna na shiga na ɗauko. Ban gaya wa kowa ba, har abokin tafiyar tawa. Na ce wa kaina don ko-ta-kwana ne kawai.

Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi, kuma duk da haka mu huɗu aka cusa a baya. Hanyar Ningi ta yi kore shar, gero ya fitar da kai, duwatsu sun jiƙe da ruwan jiya. Duk gonar da muka wuce sai in kawar da ido. A Ningi muka sayi masa. Abokina ya ci biyu ya ce wannan da a Bauchi aka soya ta, da unguwa ta kira taro a kanta. Kowa ya yi dariya ban da ni. Daga Birnin Kudu ramuka suka dame mu, a gadar Wudil masu soyayyen kifi suka yi ta turo faranti ta taga. Jakar nan ban sauke ta daga cinyata ba.

Da hantsi muka isa. Ofishin yana bene na biyu, benci cike da maza, kowa rungume da takardunsa. Wakilin mutum ne mai fara'a, har shayi ya sa aka kawo mana.

Ya ce, "Malamai, kuɗin biza ya tashi. Kamfani ba zai ɗauka shi kaɗai ba."

Abokina ya zaro wasiƙar ya karanta masa layin a hankali. "Ranka ya daɗe, nan an ce kamfani ne zai biya. Ba mu muka rubuta ba."

"Wannan tsohuwar magana ce. Kun ga bencin can? Duk gurbinku suke jira."

Nan na ɗaga murya, na kira shi maci amana. Ni, mai takardar sata a jaka. Bai yi fushi ba. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce ba lallai sai tsabar kuɗi ba. Wanda ke da takardar fili ko gida yana iya ajiye ta jingina, su cire a albashi. Ban san sa'ad da hannuna ya shiga jaka ba.

Ya duba ta ya ce, "Magada nawa ne?"

"Huɗu."

Ya turo mini takardar yarjejeniya da akwatin tawada. "Ka dangwala musu duka, ai ɗan'uwansu ne kai. Ka dai canja yatsa."

Wallahi na sa babban yatsana a tawadar. Sai abokina ya riƙe mini wuyan hannu.

Ya ce, "Maigida, Yayar nan taka ita ke aiko mana da tuwo rumfa duk Juma'a. Kira ta yanzu. In ta ce ka dangwala, ni zan danne maka takardar."

Wayar tana aljihuna, akwai kati a ciki. Na kasa kira. Na naɗe takardar gona na mayar.

Karɓo fasfo ma sai da aka kai ruwa rana. Wakilin ya ce sai mun biya wahalar da suka yi. Abokina ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa, yana karanta wa mutanen benci wasiƙar da ƙarfi. Bayan azahar aka miƙo mana su, aka soke sunayenmu a gabanmu. Aikin ya tafi ke nan, nawa da nasa, kuma har muka iso gida abokina bai ɗora mini laifi ba.

Ana kiran magariba muka shigo Bauchi. Kai tsaye na wuce wurin Yaya, na durƙusa na ajiye takardar a kan tabarmarta, na faɗa mata komai. Ta ɗauka ta duba, sannan ta ce:

"Da ka tambaye ni, a'a zan ce maka. Amma da na sayar da awakina na ƙara maka."

Na nemi gafara. Ta ce ta ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Washegari ta ɗauki takardar ta kai gidan ƙanwarmu a Inkil.

Na tafi Kano ina ganin an zalunce ni, kuma gaskiya ne, sun saɓa alkawari. Amma tafiyar nan ta nuna mini cewa shi wakilin, baƙi yake cuta, ni kuwa waɗanda muka sha nono ɗaya na tashi cuta. Na koma rumfa, aiki yana shigowa jefi-jefi. Yaya tana amsa gaisuwata, tana tambayar iyalina. Sai dai yanzu in zan shiga ɗakinta, tashi take ta biyo ni.