Neman Wanda Ya Shaida Auren Inna

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da mahaifiyata, a motar Inugu. Kwamfuta ce ta fitar da tsohuwa daga ɗakinta. Bayan rasuwar Baba, lauya ya zauna cike mana takardun kotu don a tabbatar Inna matarsa ce, ta ci gaba da zama a gidansa. Ashe an sabunta takardun: in ba a shigar da sunan shaidan aure mai rai ba, shafin ba ya gaba. A Fatakwal aka ɗaura auren, lokacin da Hausawa suka koma kudu bayan yaƙin basasa, harkar man fetur tana tashe, kuma ba wanda ya je cikin dangin Baba.

Na tambaye ta su wa suka halarta. Ta harare ni: "Ina zan sani? Ina ƙuryar ɗaki a lulluɓe, guɗa kawai na ji."

Daga Makurɗi ramuka suka karɓe mu. Daf da Inugu na sayi okpa, wani alalen gurjiya mai zafi. Inna da ke cewa abinci ba ya mata daɗi tun takaba ta cinye nata, ta haɗa da nawa.

A kasuwar Ogbete ta Inugu muka nemi aminin Baba mai sayar da goro, ko ya halarci auren. Rumfar na nan, amma cajar waya jikansa ke sayarwa a ciki, tsohon ya daɗe a ƙasa. A Anacha, cikin cunkoson 'yan dako, muka nemi wani ɗan canji, shi ma abokin Baba, ɗansa ya tarbe mu.

"Mama sorry o, Baba ya rasu," in ji shi. "Amma ku je Fatakwal, sanƙiran unguwarku never die, yana nan da ransa."

Ruwan sama ne ya yi mana maraba a Fatakwal. Kasuwar Creek Road na nan da ƙaurin busasshen kifinta, sai dai tsadar gasasshiyar ayaba ta sa na mayar da hannu aljihu. Gidan da aka haife ni ya zama gidan mai. Inna ta daɗe tsaye tana nuna mini inda Baba ke ajiye babur, ni kuwa kewarsa ta cika mini ƙirji.

Mun sami sanƙiran a bayan masallaci, ido ya tafi. Shi ke shelar kowane ɗaurin aure a unguwar a wancan zamanin. Aka gaisa har da tambayar gajiya, sannan Inna ta faɗi sunan Baba. Tsohon ya gyara zama, ya dafe kunne, ya ɗaga murya:

"Jama'a ku shaida! An ɗaura auren Garba direba da amaryarsa..." Ya kira ta da sunanta na yarinta, wanda duk masu kiranta da shi sun ƙare.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ashe haka aka faɗa," ta ce. "Malam, don Allah maimaita."

Mun dawo Kano lafiya, lauya ya shigar da sunan, shafi ya wuce, gida ya tabbata. Tafiyar ta koya mini cewa mutanen da suka san iyayenmu da ƙuruciya suna ƙarewa, mu kuma ba ma zuwa gare su sai takarda ta tilasta mana. Inna ta ji ɗaurin aurenta da kunnenta a karon farko, amma angon ba ya nan balle ta ba shi labari.