Ni Na Ce Tare Muke

Tun da ɗan Adam ya fara gina katanga yana sa mata ƙofa, ba a ƙera mabuɗin da ya kai babbar riga ba. Na karanta tarihi daidai gwargwado, na ga garuruwan da aka ci da yaƙi, da waɗanda aka ci da yunwa. Amma a garinmu Azare, in kana da shadda wadda ta sha bugu, da hular da ta zauna daidai, kuma ka iya takawa kamar wanda ake jira a ciki, babu ƙofar da za ta tsaya maka. Na san haka domin na gwada, kuma mutum ya mutu.

Samari, ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na marigayin ba. Jagora ake kiransa, haka zan kira shi. Abu ɗaya na sa a gaba duk shekarun da na yi a ɗaure: in fito, in tsaya gaban matarsa Hajiya, in gaya mata abin da na yi da bakina, in ji ko za ta yafe mini.

Ni malamin firamare ne a da, a wani ƙauye kusa da Gadau. Turanci nake koyarwa da ɗan tarihi. Ina da ɗakin haya a Azare, da akwatin littattafai, da rediyo. Matata ta gaji da zaman mutumin da ya fi hira da takarda, ta koma gidansu a Yana, kuma ban ga laifinta ba. Ban taɓa ɗaukar ko allin makaranta na kai gida ba. Ban faɗi wannan don yabon kai ba, sai don ku san ba a haifar mutum ɗan damfara.

Wata damina iska ta yaye kwanon ajinmu. Hedimasta ya ce ni zan je in kai kuka gidan Jagora, tunda ni ne mai dogon Turanci. Jagora lauya ne kafin ya shiga siyasa, kuma ko da ya hau kujera bai rufe ƙofarsa ba. Bayan la'asar yakan zauna a tabarma a farfajiyar gidansa, mai kuka ya kawo kukansa. Na ari babbar riga wurin maƙwabcina tela, na hau acaɓa.

A bakin ƙofar akwai wani dattijo mai gadi, Baba Modu, tsohon soja, iyayensa mutanen Borno ne. Yana ganina ya miƙe tsaye, ya ƙame.

"Ranka ya daɗe! An iso lafiya?"

Na waiga in ga wanda yake gaisarwa. Babu kowa a bayana. Tun da nake, babu babban mutumin da ya taɓa miƙe mini. 'Yan aji suna miƙewa, amma su bulala suke wa.

Kwanon aji an gyara. Ni ne ban gyaru ba. Mako na zagayowa na koma, ba da wani kuka ba. Na zauna a gefen tabarma, aka kawo abinci a manyan faranti, na ci cikin mutane. Wanda ya saba cin tuwo shi kaɗai yana kallon bango ne zai gane abin da nake nufi. Na tara albashi na ɗinka rigata. Na koyi sunayen 'ya'yan masu gadi, ina zuwa da goro. Har ya zama in na zo hannu biyu Baba Modu ya ce, "Malam, yau babu goro? To ai ba ka iso ba tukuna, koma ka sake shigowa."

Ga yadda abin ya tafi. Masu gadi sun ɗauka ni ɗan'uwan gidan ne. Mutanen gidan sun ɗauka ni ɗan jam'iyya ne. 'Yan jam'iyya kuwa sun ɗauka ni jami'in farin kaya ne, saboda ba na yawan magana. Babu wanda ya tambaya, domin a wurinmu ka dubi mai babbar riga da furfura a gemu ka ce masa "kai wane ne?" rashin tarbiyya ne. A cikin wannan kunyar na gina gida na zauna.

Wata rana wani manomi da aka hana shiga ya kama gefen rigata. "Alhaji, don Allah ka shigar da ni." Na dubi Baba Modu na ce, "Tare muke." Ya buɗe. Da muka fito mutumin ya danƙa mini ɗan na goro. Na ce a'a sau ɗaya, irin a'ar da ke jiran a sake miƙowa.

Daga nan sana'a ta samu. Na daina zuwa makaranta. Mai neman aiki, mai neman taki, mai neman gurbin karatu wa ɗansa, duk ni. Da farko shigarwa kawai nake yi. Daga baya na fara alkawari: "Na yi wa Jagora maganarka, ya ce ka ɗan jira." Jagora kuwa bai san ko sunana ba. In mun haɗa ido yakan ce, "Malam, ya ƙoƙari?" kamar yadda yake ce wa kowa. Na ci tumakin mutane, na ci hatsinsu. Wata tsohuwa ta sayar da keken ɗinkinta saboda aikin da na ce na samar wa jikanta. Har yau ban san inda take ba.

A lokacin an fara raɗe-raɗin cewa akwai masu neman ran Jagora, domin ya taka ƙafar wasu manya. Aka ƙaro masu bindiga, aka ba Baba Modu wata sanda mai ƙara ta binciken jiki. Batirinta ya mutu, ba a sake sa wani ba. Da ita yake korar awaki.

Sai yayar Jagora ta rasu, aka zauna zaman makoki a gidan. Shugaban masu tsaronsa ya ce a laluba duk wanda zai shiga. Jagora ya ce, "Mutum ya baro gidansa ya zo yi mini ta'aziyya, in sa a laluba masa aljihu? Ba a gidana ba." Aka yi ta ja, aka tsaya a kan baƙuwar fuska za a bincika, sananne da wanda ya zo da shi su wuce.

Da hantsi wasu mutum biyu suka same ni a teburin mai shayi kusa da kasuwa. Masu ladabi, masu sanyin murya. Suka ce 'yan kasuwa ne daga nesa, suna so su yi ta'aziyya, Jagora ya ga fuskarsu, saboda wata kwangila nan gaba.

Babbansu ya ce, "Malam, an ce in ba ta hannunka ba, sai mutum ya wuni a rana."

Wannan maganar ta fi abin da suka ba ni daɗi. Na dube su a cikin 'yan kaftani, na ce, "Haka za ku je gidan manya? Ku nemi manyan riguna, masu faɗi." Ni na ba su wannan shawarar. Na daɗe ina juya ta a raina.

Bayan azahar muka isa. Layin masu jiran bincike ya kai bakin titi. Na wuce gaba, su biyu a bayana.

"Baba Modu, ya haƙuri? Tare muke."

"Haƙuri sai ma'aiki. Malam, yau har da fadawa ka yi? Allah ya sa mu ma a tuna da mu."

Muka shiga, muka cire takalma. Wani malami ya ce a yi wa mamaciya addu'a. Kowa ya ɗaga hannu, ya sunkuyar da kai. Masu bindigar ma sun jingine bindigoginsu a bango, tafukansu a sama, domin su ma 'ya'yan Musulmi ne. A duk farfajiyar hannaye huɗu ne kawai ba su tashi ba. Ban gani ba, idona yana ƙasa. Ƙara na ji. Kafin mutane su gane ba tayar mota ce ta fashe ba, baƙina sun bi ta cikin masu gudu, sun bar takalmansu.

Jagora bai kai asibiti ba.

Kafin magariba, tambayar da aka yi shekaru ba a yi ba ta cika gari. Wane ne mutumin nan? 'Yan gida suka ce na jam'iyya ne. Jam'iyya ta ce ba ta taɓa ganina ba. Mutanen da muka ci faranti ɗaya da su suka rantse ba su san ni ba, kuma gaskiya suka faɗa. A ɗakina aka kama ni, ina zaune da rigar a jikina.

Mai bincike ya ce, "Sunan babban?"

"Alhaji."

"Ɗayan fa?"

"Shi ma Alhaji."

Ya ajiye biro ya dube ni. "Kuma kai malamin makaranta ne?"

Aka kai ni gidan yari, ɓangaren masu jiran shari'a. A nan na san aikin Jagora, wanda ban taɓa tambaya ba duk zaman da na yi a tabarmarsa. Ashe shi ya kawo tsarin da ake turo lauyoyi gidan yari duk wata, su duba waɗanda aka manta da su ba shari'a, su fitar da wanda ya kamata. Da ƙoƙarinsa abin yake tafiya, ba a kai ga mai da shi doka ba. Da aka binne shi, lauyoyin suka daina zuwa. Na ji an sa sunansa a jikin wani gini. An kuma kafa kwamitin binciken sakacin tsaro, ya zauna, ya sha lemo, ya tashi. Waɗanda suka harbe shi har yau ba a kama su ba, balle wanda ya aiko su.

A ɗakinmu akwai wani Ɗanjuma, wanda aka kawo kan zargin satar akuya, tun kafin ni. Ranar da ya ji ko ni wane ne, bai zage ni ba. Ya zo ya tsuguna a gabana.

"Malam, ran Litinin aka ce za su zo su duba maganata. Ran Litinin ɗin nan da ta biyo bayan kisan Jagora."

Na bar shi a can lokacin da aka sauya mini ɗaki, gashinsa ya fara fari.

Daga ranar da aka san ko ni wane ne, babu wanda ya sake sa hannu a kwano ɗaya da ni. Ɓarayi da 'yan fashi suna matsawa in na zo sahu. A ɗakin da mutane suke kwana kamar an jera rake, ni kaɗai nake da fili a kowane gefe. Ƙanwata ta zo sau ɗaya, ta yi kuka, mijinta ya hana ta dawowa. Na saba magana da kaina da Turanci, don kada in manta cewa na taɓa sanin wani abu.

Baƙon da na sake yi shi ne Baba Modu. Shi ma an tsare shi, an sake shi, an kore shi daga aiki. Ya rame, yana dogara sanda.

"Ban zo zaginka ba," in ji shi. "Na zo in yi tambayar da aka ɗauke ni aiki in yi, ban yi ba. Kai wane ne?"

Na gaya masa. Malamin firamare, ɗan wane, daga unguwa kaza. Na gama cikin numfashi ɗaya. Ashe duk abin da nake bai fi haka ba.

Ya gyaɗa kai. "In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nawa na yafe maka. Amma na Hajiya ba a hannuna yake ba. Ita aka bari da marayu."

Da shari'ata ta zo, bayan shekarun da na daina ƙirgawa, alƙali ya ce babu shaidar na san niyyarsu. Aka same ni da damfara da sojan gona. Hukuncin bai kai zaman jiran da na riga na yi ba, sai aka ce in tafi. Na fito na tarar keke napep ya cika Azare, mai shayin nan ya tashi, Baba Modu ya rasu. Na yi tafiya daga tasha har kasuwa, babu wanda ya ce mini sannu.

Na tuba ga Allah, kuma ina roƙon duk wanda na ci wa haƙƙi ya yafe mini. Ku kuma samari, ku ji. Ba kwaɗayin kuɗi ne ya fara kai ni ba, daɗin gaisuwa ne. In an ba ku girman da kuka san ba naku ba ne, ku mayar tun a bakin ƙofa. Kada ku tsaya wa mutumin da ba ku san sunan ubansa ba. In an ba ku gadi, ku yi tambaya, ko mai rawani ne ya zo. Kunyar da za ku ji ba ta kai zaman makoki ba. In kuma kun sami shugaba mai wani aikin alheri, ku matsa a rubuta shi a doka tun yana da rai, domin alherin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya tare ake binne su.

Na ɗauki makonni ina tsara abin da zan gaya wa Hajiya. Na cire duk kalmar da ke kama da kare kai, har abin ya rage kaɗan. Ran wata Alhamis na sa 'yar shara, na tafi a ƙafa.

An ƙara wa katangar tsawo, an yi mata waya a sama. Ƙofar ta zama ta ƙarfe. Masu gadi matasa ne, cikin kayan sarki, kuma sandarsu tana ƙara. Suka sa na ɗaga hannu, suka juye aljihuna, suka duba cikin hulata da ƙasan takalmina. Ban ji haushi ba. Na ma ji wani sanyi a raina, na ce ashe dai an koyi darasi.

Da suka gama, ɗayansu ya ce, "To Baba, wurin wa ka zo?"

Na ce wurin Hajiya.

Ya dubi ɗan'uwansa. "Wace Hajiya? Ai ta rasu bara waccan. 'Ya'yan duk suna Abuja."

Gidan babu kowa a ciki.