Shekara Goma Ba Ya Modu, Mai Kai Baƙi Kallon Tsuntsaye

Shekara goma ke nan da Ya Modu ya fita daga gidanmu na unguwar Jiddari Polo da jaka a kafaɗa, bai dawo ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa ta sha ba mutane dariya a Yerwa, wato Maiduguri: baƙi yake kwasa, Turawa da malaman jami'a, ya kai su wata ƙaramar masarauta a kan duwatsun Mandara su kalli tsuntsaye. Kallo kawai, ba harbi ba kamu. Mahaifinmu da ya tsufa a Kasuwar Shanu har ya rasu bai gane abin da ake saya a wannan ciniki ba.

Sau ɗaya ya tafi da ni. Muka hau dutse tun da safe, muka gai da sarkin garin, sannan ya zaunar da mu a bakin wani kwazazzabo. "Falmata, rufe baki ki buɗe kunne," in ji shi. Ya yi fito a hankali, sai wani tsuntsu ya amsa masa daga cikin duwatsu. 

Da rikici ya tsananta baƙi suka ɗauke ƙafa. Sai labari ya zo cewa an kai hari gindin dutsen, kuma Baba Tizhe, tsohon da ke saukar masa da baƙi, ya kasa gudu saboda ciwon ƙafa. Ya Modu ya ɗauki jaka zai je ya ɗauko shi, na riƙe masa riga na ce, "Ya Modu, hanyar nan ba ta biyuwa." Ya ce, "Shekara nawa ina cin tuwon gidansa? Jibi ina nan."

Direban motar da ya shiga ne ya ba mu sauran labarin. 'Yan bindigar daji sun tare su, suka zazzage jakarsa, suka ga madubin hangen nesa da littafin da ya zana hanyoyin dutsen a ciki. Suka ce ɗan leƙen asirin soja ne. Direban ya ji shi yana rantsuwa, "Wallahi tsuntsaye nake kallo," su kuwa suna dariya. Suka shige daji da shi. Gawa ba mu gani ba. Bayan shekara huɗu malamai suka ce a yi masa salla, aka yi.

Yau gari ya ɗan lafa, motoci na bin hanyar. Nakan tambayi kaina, da yana nan, zai sake kai wani can? Ina jin zai kai. Ni dai har yanzu in aka taɓa ƙyauren gida da la'asar sai gabana ya faɗi.

Bara na haɗu da wata mata 'yar dutsen, wadda gudun hijira ya kawo Maiduguri. Da ta ji sunan yayana sai ta dafa ƙirji. Ta ce akwai wani ɗan tsuntsu mai jan ciki da a da ba su damu da shi ba, yanzu kowa a garinsu tsuntsun Modu yake ce masa. Ba mu da kabarin da za mu ziyarta. Abin da ya bari ke nan, kuma ban taɓa ganin tsuntsun ba. Allah Ya jiƙan Ya Modu a duk inda ƙasa ta rufe shi.