Ƙwaƙwalen Tasi'u da Tokar Goggo

Tasi'u ɗan goggona ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halalina ne. Kakanninmu ruwan Tiga ne ya tashe su, kowa a zuri'ar ya kama kamun kifi ko noman rani. Shi kuwa tun yana ƙarami, in aka tura shi gona da fartanya, a rumfar mai gyaran rediyo za a tsinto shi. Yanzu gyaran waya yake yi a kasuwar Kafin Maiyaƙi, amma ba wayar ce ta zautar da shi ba. Ƙwaƙwalen tsofaffin kwamfutoci yake tarawa, wasu abubuwa masu faɗi kamar biskit, ƙasansu cike da 'yan ƙafafu ruwan zinare. Ba sa kunna komai, ba sa kiran kowa. Ya jera su cikin auduga a gwangwanin alewa kamar kaza ta kwanta kan ƙwai. 'Yan gwangwan daga Bebeji har Doguwa, in suka fasa tsohuwar kwamfuta, shi suke fara nema.

Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: ba a taɓa cusa masa jabu ba. Ya yi mini bayani ya fi sau dubu ba tare da na tambaya ba. Wai macuta sukan samo ƙaramar ƙwaƙwalwa, su kankare bayanta da samfefa, su buga mata lambar babba. Shi ya sa yake karkata kowace a rana, ya kafa mata gilashin ƙara girma yana neman karce, ya murza rubutun da babban yatsa ko zai goge. Na rantse ko Ramla matarsa bai yi wa irin wannan kallon ba lokacin neman aure.

Bara ya samo wata fara mai murfin zinare, wadda ta girme shi. Ya sa mata suna Hajiya. Ya tura hotonta zauren masu irin wannan cuta da suke da shi a waya, sai dai kyamarar wayarsa, shi mai gyaran waya, ta shekara biyu da dushewa. Babbansu, wani Malam Abdulganiyu na birni, ya ce hoton bai nuna komai ba, zai zo da kansa ranar Asabar. In ta tabbata ta gaske ce, Tasi'u ne zai riƙa tantance musu kaya a duk kudancin Kano. Kafin Juma'a, har masu awon masara sun ji labari.

Ranar Asabar da safe ya ajiye gwangwanin Hajiya a gida, ya hau babur ya tafi tasha ɗauko baƙo. Goggo Tasalla, mahaifiyarsa, ta buɗe gwangwanin ta ga abin da mutum zai taso tun daga birni ya gani, duk ya dafe. Ta ce ba a gidanta ba. Ta ɗebo toka da yashi mai laushi da soson buhu, ta yi wa Hajiya irin wankin da take wa tukunyar biki. Ina wurin ina shan koko. Na so in yi magana, amma bakina a cike yake.

Bayan gaisuwa da fura, Tasi'u ya buɗe gwangwani yana ƙasaita. Hajiya na walƙiya har tana kashe ido, rabin lambarta ya tafi. Malam Abdulganiyu ya daɗe da gilashi a kanta, sannan ya ce a hankali:

"Malam Tasi'u, wannan ai an kankare ta. Wa ya sayar maka?"

Tasi'u ya juya ta, ya ga toka a tsakanin ƙafafunta. Ya ɗaga kai. Ga Goggo a bakin ƙofa ta gyara mayafi, tana jiran baƙon birni ya yaba. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi, amma kalmar za ta bar uwarsa da kunya a gaban baƙo.

"Wani ne a hanya, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ban duba da kyau ba."

Malam ya lallashe shi, ya ce ba wanda ba a taɓa yi wa ba, ya ƙara masa da darasin yadda ake gane samfefa, Tasi'u na gyaɗa kai kamar yau ya fara ji. Aikin tantancewar kuwa wani ɗan Tudun Wada aka ba. A kasuwa yanzu in mutum ya sayi jabun caja, sai a ce ya je ya yi wa Tasi'u jaje.

Goggo dai har gobe tana ba maƙwabta labari, wai mutumin birnin nan sai da ya sa gilashi yana duba aikinta, ya rasa dauɗa ko ɗigo. Ta kuma aika wa "wancan yaron", wato Tasi'u, don ba ta kama sunan ɗan fari, cewa ya kawo sauran da ke rumfa ta gyara masa su kafin wani baƙon ya zo.