Tambaya Mai Daddawa da Cikin Yayarta

Tambaya mai daddawa ta garin Rawayya ba ta taɓa sayen kalwa ba sai ta tura hannu har gindin buhu. Shekara arba'in tana wannan sana'a tsakanin kasuwar Bungudu da ta Tsafe, ba ta yarda da mudun kowa ba sai nata. 'Ya'yanta sun san in suka ce mata "lafiya lau", sai ta sake tambaya. Mutane na cewa sunanta ne ya bi ta.

Mutum ɗaya take raga wa a duniya, yayarta Kulu da ta goya ta. Da daminar bara hawan jini ya kayar da Kulu a bakin murhu, aka kai ta wani asibiti a Gusau, ɗakin waɗanda ciwo ya tsananta wa. Ba magana, ba motsi, kunu ma ta robar hanci ake ɗura mata. Mai jinyarta Bara'atu ce, matar ɗanta, wadda ko sunan surukarta ba ta kamawa. Ita ke gyara ta, ita ke wanke zannuwa.

Ranar kwana na tara Tambaya ta iso. Kafin ta gaida kowa ta yaye zanen yayarta. Ciki ya kumbura, ya yi tauri kamar an kife ƙwarya. Numfashi sama-sama, kunun da aka ɗura yana dawowa.

Ciwon a kai yake, me ya kai shi ciki? Tambaya ta buɗe fulas ta shinshina, ta lasa. Ta tuna akuyar Kulu ta taɓa cinye wa Bara'atu shanyar kuɓewa, aka yi kwana uku ba gaisuwar kirki. Ta ja Bara'atu baranda.

"Ke, me kike zuba mata a kunun nan?"

"Gero ne da madara, Inna."

"Madara na kumbura mutum haka? Ɗago ki dube ni."

Bara'atu ba ta ɗago ba, Tambaya kuma ta ƙara wannan cikin hujjojinta.

Washegari da safe nas Nana Khadija ta zo da fayil, tana bin gado-gado. Ta ce, "Mai jinya, Mama ta zaga?"

Bara'atu ta ja mayafi ta rufe baki. "Alhamdulillahi."

Nas ta ja biro za ta wuce.

Tambaya ta ce, "Tsaya, malama. Me kika rubuta?"

"Ta yi bayan gida."

"Wa ya faɗa miki? Godiya na ji ta yi wa Allah." Ta juya ga Bara'atu. "Ke, ta yi kashi ko ba ta yi ba?"

Wata mai jinya a gadon kusa ta toshe dariya da bakin zane.

"Inna, surukata ce fa."

"Ni ƙanwarta ce. Ta yi?"

Bara'atu ta amsa ƙasa-ƙasa. "Tun da muka zo, sai fitsari."

Nas ta buɗe fayil baya-baya. Safiya tara, Alhamdulillahi tara, duk an rubuta ta yi. Ta tafi da sauri ta kira likita.

Likita ya danna cikin, ya kara abin saurare. Ya ce kwanciya wuri ɗaya da magunguna masu ƙarfi da ƙarancin ruwa kan sa hanji ya yi barci. Cikin da ya cika shi ke tokare ƙirji, kunun da ke dawowa kuwa in ya faɗa huhu, magana ta ƙare. Aka ɗura wa Kulu magani ta ƙasa. Abin da ya fito ƙulu-ƙulu ne kamar tsakuwa. Tambaya ta hana a zubar sai da ta tona da tsinke, tana neman gashi ko ƙullin zare irin na sammu. Ba ta samu komai ba.

Kwana biyu ciki ya saɓe, kunu ya zauna. Kulu ta koma Rawayya da ranta, ɓarin hagu a mace.

Tambaya ba ta ba Bara'atu haƙuri ba, ba ta kuma daina shinshina fulas ba har aka sallame su. Sai dai ta karɓe amsar safe, tana faɗa wa nas sau nawa da irin launinsa, da muryar da take kiran ciniki. Har yau a kasuwar Bungudu, in ta tambayi mai kalwa ko ta bana ce ya ce Alhamdulillahi, sai ta tura hannu cikin buhu ta ce, "Na ji godiyar. Ina amsar?"