Yadda Muka Nemo wa Kwamfutar Ofishin Auta Tagwai

Mun tashi daga Sule Tankarkar ana sallame asuba. Ni ce, da Auta ɗana, da ƙanen marigayi ubansa, sai kwamfutar da na naɗe cikin zanena kamar gawar jariri.

Ga yadda aka yi. An ce idan shekarar Turawa ta cika dubu biyu, injinan nan za su ruɗe. Auta shi ke kula da ta ofishinsu, sai ya karɓo faifai don ya sabunta mata karatun da take farkawa da shi. Bai leƙa tankin janareto ba, ashe an zuƙe man an zuba a babur. Ana tsakiyar aiki wuta ta ɗauke. Tun daga nan fanka ce kawai ke juyawa, fuskar baƙi ƙirin. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Auta ya cire mata zuciya ya sayar wa mutanen Nijar. Ubansa har ya koma ga Allah ba a ce ya ɗauki allurar wani ba. Shi ya sa na bi su.

Motar Gumel ta cika har baki, kuɗin mota ya hau saboda wahalar mai. Gero ya nuna a gefen hanya, amma ban ga wanda ya kalle shi da fara'a ba. Wani mai gyara a Gumel ya buɗe cikin kwamfutar, ya nuna mini wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu jere kamar ƙwaro.

"Iya, ba abin da aka cire. Karatun cikin wannan ne ya tsaya a rabi. Sai an samo tagwanta, iri ɗaya sak."

Na ce, "To tashi, da kai za mu."

A Maigatari wani dillalin kan iyaka yana da mai kama da ita. Ya ba mu shayi mai ɗaci, ya ji abin da za a yi, ya mayar wa tasa da mayafi. Ban ga laifinsa ba. Muka ci rogo da ƙuli a tsaye kusa da garken raƙuma, Auta ko loma bai kai baki ba.

Muka komo Gumel, muka kama hanyar Gagarawa mai ramuka, ina rungume da injin. Can akwai wani Kirista ɗan Filato da ya bar aikin gwamnati yana buga wa mutane takardu a shagonsa da kwamfuta irin tamu sak. Da ita yake ciyar da gidansa. Mai gyara bai ɓoye masa ba: za a kunna tasa, tana raye a zare ƙwaronta, a dasa namu a gurbin, a sake masa karatu. In hannu ya goce, duka biyu sun tafi.

Mai shagon ya dube ni. "Mama, me ya fito da ke cikin ranar nan?"

Na ce, "Sunan gidana. Ban zo da komai ba sai ƙafata."

Sai ya ce a je a duba man janareto. Ni na je da kaina, na tsoma kara a tankin na gani.

Mai gyara ya yi bisimilla, mai shagon ya yi tasa addu'ar. Aka zare, aka dasa. Da aka mayar da ƙwaronmu gidansa, injin ya yi ƙara ɗaya, tit, rubutu ya fito. Auta ya zauna a ƙasa. Amma wajen mayar da na mai shagon, ƙafa ɗaya ta karye. Tasa ta yi baƙi kamar yadda tamu ta zo. Mai gyara ya ce sai Kano, ko a dace ko kar a dace. Mai shagon bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ku tafi kada magariba ta same ku a hanya." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Haka muka iso gida. Abin da na koyo bai da yawa: kafin ka taɓa abin amana, leƙa tanki, kuma wanda zai ɗauki nauyinka ba lallai ne kun haɗa sahu ba.

Washegari na tura Auta Gagarawa, na ce ya raka mai shagon nan Kano, kada ya dawo mini sai tasa ta farka. Ni kuwa na naɗa gammo, na ɗora kwamfutar a kaina ba mayafi, na bi ta tsakiyar kasuwa a hankali har ofishin. Na ce a kunna, a bar ƙofa a buɗe.